Tambayi Injiniya: An rubuta kuskure a tarihin inji, a goge ko a bari?

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan watan sun zo kamar an haɗa baki, kusan duka a kan abu ɗaya suke: kuskure ya shiga tarihin inji a cikin manhajar kula da kadarori, yaya za a yi da shi? Na zaɓi guda biyar. Kamar yadda muka saba, ba na faɗin sunan mai tambaya ko wurin aikinsa, don kada amsata ta koma takardar tuhuma a teburin wani.

Ga wanda bai taɓa zama gaban irin wannan manhaja ba: kowane inji yana da shafinsa, a nan ake tara ranar da aka saye shi, inda aka girke shi, awoyin da ya yi yana aiki, duk gyaran da aka yi masa, kayan da aka ɗauko masa daga sito da kuɗin da ya ci. Biyu aka fi tambayata a kansu, Maximo, wadda kamfanin IBM ya saya a 2006, da ɓangaren gyare-gyare na manhajar SAP. Ni da kati da biro na fara wannan aiki, katunan suna jere a akwatin ƙarfe. Dokar da tsohon fomanmu ya kafa mana a lokacin ita ce: in ka yi kuskure ja masa layi ɗaya, yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, ka rubuta daidai a gefe, ka sa hannu da kwanan wata. Wanda ya shafa farin ruwan nan na goge rubutu, ranar ya ji ba daɗi. Duk amsoshin da ke ƙasa, in kun lura, dokar tsohon nan ce ta sa riga sabuwa.

Tambaya ta ɗaya, daga Gombe

*Injiniya, barka da ƙoƙari. Ni ne mai shigar da karatun mita a wani kamfanin casar shinkafa. Ranar da na tafi jana'iza Kumo, yaron da ya riƙe mini aiki ya shigar wa babban janaretanmu awa 84,120, alhali 8,412 ne. Makon da ya gabaci wannan ranar karatun 8,290 ne. Ban lura ba, mako na gaba na shigar da 8,530, kwamfuta ta karɓa ba musu. Yanzu ta fito mana da takardun aiki, wato na umarnin yin gyara, har da ta garambawul, sito kuma ya ware kaya. Oga ya ce in goge mitar gaba ɗaya in fara daga sifili. In goge?*

Allah ya jiƙan wanda ya rasu. Kada ka goge, ɗan'uwa, kuma kada ka matsa wa yaron da faɗa. Ina zargin ba sifili ya ƙara ba, ɗigo ya bari. Je ka duba mitar: irin ta da, mai juyawa, lambarta ta ƙarshe launinta daban, kuma ba awa take ƙirgawa ba, kashi ɗaya cikin goma na awa ne. Abin da ke fuskarta 08412 ne da ɗigo da 0. Wanda ba a nuna masa ba, zai kwafe duka shida ne kamar yadda ya gani. Wannan kuskuren ya girmi yaron, ya girme ka.

Bari mu yi lissafin ɓarnar, don shi ne zai sa oga ya saurare ka. Daga 8,290 zuwa 84,120 awa 75,830 ke nan a mako ɗaya. Mako guda awa 168 ne kacal, shekara kuma 8,760. Wato kwamfuta ta yarda janaretanku ya yi aikin fiye da shekara takwas da rabi tsakanin Asabar da Asabar. Na biyun ya fi wannan muni. Ka ce ta karɓi 8,530 ba musu, alhali ya yi ƙasa da karatun baya. Dalili shi ne an gaya mata mitar tana cika a 99,999 ta koma sifili, sai ta ɗauka cikar ce ta faru: daga 84,120 ta hau zuwa 100,000, ta sake hawa daga sifili zuwa 8,530, awa 24,410 ke nan. Haɗa biyun, 100,240. Ainihin aikin da injin ya yi a makonnin biyu awa 240 ne. An yi masa ƙarin awa 100,000 cif, zagaye ɗaya na ƙarya. In kuna juyen mai duk awa 250, kamar yadda masu janareta da yawa suke yi a nan saboda ƙura da zafi, juye 400 ke nan take ganin kun tsallake. Ba laifinta ba ne don ta kira garambawul.

Shawarar oga kuwa, garin neman gira za a rasa ido. In ka fara daga sifili, awa dubu takwas da ɗoriya na gaskiya sun tafi tare da dubu ɗari na ƙarya. Ranar da ainihin lokacin garambawul ya zo, babu mai sani. Ranar da za a sayar da injin, mai saye zai kalli mita ya kalli takarda ya ga ba su san juna ba.

Ga yadda zan yi da ni ne. Tun kafin in taɓa kwamfuta zan ɗauki hoton mitar yau, in buɗe littafin masu duti in ɗauki hoton shafin ranar. Su ne shaiduna. Sannan in soke karatun biyu, na 8,530 tukuna, sai na 84,120, don na bayan a kan na gaban aka gina shi. Sokewa nake nufi, ba gogewa ba. A SAP kowane karatu takarda ce mai lamba, kana shiga ta IK12, wato lambar buɗe shafin gyaranta, ka sa mata alamar sokewa, tana nan ana ganinta amma ta fita daga lissafi. A Maximo akwai wurin kula da tarihin karatun mita, a nan ake gyara adadin. Bayan haka ka shigar da 8,412 da 8,530, kowanne da ainihin ranarsa, ba ranar yau ba, ka rubuta dalili a gurbin bayani. Ka sake duba jimillar awoyin rayuwar injin da idonka, kada ka ɗauka ta gyaru da kanta.

Yawancin mutane a nan suke tsayawa su yi hamdala, alhali tsugune ba ta ƙare ba. Kuskuren ya riga ya haihu. Takardun aikin da ya haifar a soke su ɗaya bayan ɗaya, kowacce da dalilinta. Kayan da sito ya ware, filta da ringi da gaskit, a sake su, in ba haka ba mai sito zai ga kamar sun kusa ƙarewa ya rubuta a sayo wasu. Sai matsakaicin awoyin da injin yake yi a rana, wanda manhaja take hasashen ranar sabis da shi, shi ma ya kumbura. Sai jadawalin sabis ɗin kansa, a sake tsara shi, a SAP ta IP10, ka tabbatar juye na gaba ya faɗo inda hankali zai ɗauka.

Abu ɗaya da ya yi kama da wannan amma ba shi ba ne: in mita ta mutu aka sa sabuwa mai farawa daga sifili, wannan ba kuskure ba ne, kuma ba a gyara shi da sokewa. Manhajojin biyu suna da hanyar rubuta cewa an sauya mita, yadda fuskar za ta koma sifili amma jimillar rayuwar injin ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Yaron kuwa, ka kai shi gaban injin ka nuna masa ɗigon. Ka koya masa lissafin da ba ya buƙatar kwamfuta: karatun yau a cire na baya, in ya wuce 24 sau yawan kwanakin da ke tsakani, a koma a sake dubawa.

Tambaya ta biyu, daga Azare

*Ranka ya daɗe, muna da famfunan tura ruwa guda biyu iri ɗaya, gefe da gefe. Sau uku a bara aka sauya wa na biyu boris, amma duk ukun a shafin na ɗaya aka rubuta, kuma an rufe takardun aikin. Yanzu daga sama an ce na ɗaya ya cika cin kuɗi, a cire shi a yi gwanjonsa. Na nemi buɗe takardun, manhaja ta ƙi.*

Ka ga abin da nake yawan faɗa ke nan. Mai lafiya za a kai asibiti, mara lafiya yana zaune yana shan iska. Kafin komai, yau ɗin nan, ka rubuta wa na sama da kai cewa a dakata da maganar gwanjo, akwai gyara a tarihi. Gyaran zai ɗauki kwanaki, shawarar cire famfo kuwa zama ɗaya ake yanke ta.

Ƙin da manhaja ta yi ba taurin kai ba ne. Takardar aiki ba labari kawai take ɗauke da shi ba, akwai kuɗi a jikinta: boris ɗin ya fita daga sito da farashinsa, awoyin makanikai an lissafa su, duka sun gangara littafin akanta, watannin kuma an rufe su. In kowa zai iya komawa ya juya takardar bara, lissafin bara ba zai taɓa tsayawa ba. A Maximo takardar da aka rufe ta zama tarihi, ba ta komawa buɗaɗɗiya. Akwai dai ƙofa ɗaya, ta gyaran takardar tarihi, wadda ake bai wa mutane kaɗan izininta, ta nan ake ƙara abin da aka manta, awoyi ko kaya ko bayanin lalacewa. SAP ta fi sassauci a nan, ana iya janye rufewar, amma watan kuɗi da akanta ya rufe yana nan a rufe.

To hanyar ita ce ta 'yan kasuwa. Mai shago a kasuwar Muda Lawal ta Bauchi in ya rubuta bashin wane a shafin wane, ba ya yaga shafin. Yana rubuta "an cire" a nan, ya rubuta "an ƙara" a can, jimilla ta daidaita. Kai ma ka buɗe sababbin takardu uku a kan famfo na biyu, kowacce da ainihin ranar da aka yi aikin da lambar tsohuwar takardar da take gyarawa. Boris ɗin a mayar da shi sito a rubuce daga tsohuwar, a sake fitar da shi a sabuwar. Masu SAP sun san lambobin: 261 fitar da kaya zuwa takardar aiki, 262 janye fitarwar, awoyin da aka tabbatar kuma ana soke su ta IW45. A Maximo awoyin da aka riga aka amince da su ana kashe su ne da shigar da irinsu da alamar ragi. Duk wannan zai faɗa watan da muke ciki, ba watan bara ba, don haka ka je wurin akanta da ƙafarka kafin ka danna komai. Na taɓa yin irin wannan gyara ban gaya wa namu ba, ya ga kuɗi suna yawo a ƙarshen wata ba bayani. Mako biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Tsofaffin takardun uku suna nan a shafin na ɗaya, haka ya kamata, amma kowacce ta ɗauki rubutu: "An rubuta bisa kuskure, aikin na famfo na biyu ne, duba takarda mai lamba kaza." Sannan kada ka manta da rahoton lalacewa, don shi ne ya jawo maganar gwanjon. Akwai ma'aunin da manya suke kallo, matsakaicin tazarar da ke tsakanin lalacewa da lalacewa: awoyin aiki a raba da yawan lalacewa. Famfon da ya yi awa 6,000 ya lalace sau uku, tazararsa awa 2,000 ce. In ka kwashe kuɗin ka bar alamar lalacewa a shafin na ɗaya, rahoton zai ci gaba da yi masa ƙazafi.

Yanzu tambayar da ba ka yi ba. Boris sau uku a shekara ɗaya a famfo ɗaya ba ƙaddara ba ce. Ko moto da famfo ba su kan layi ɗaya, ko gindin ya saki, ko giris ɗin ba nasa ba ne, ko ana cika shi fiye da kima. Kuskuren rubutun ya ɓoye muku wannan shekara guda, domin duk wanda ya buɗe shafin na biyu sai ya gan shi fes.

Me ya sa aka yi kuskuren har sau uku kuma? Ina iya rantsuwa lambar da aka rubuta a jikinsu da fenti rana ta cinye ta. Kuma na san makanikanku ba sa cewa na ɗaya da na biyu, suna da sunan da suke kiransu. A inda na yi aiki akwai injina biyu, Uwargida da Amarya, ba mai kiran lambarsu sai ni. Daga baya na daina gardama, na rubuta sunayen a gurbin bayanin kowanne kusa da lambar, aka buga lambar kuma a faranti aka ɗaure da ƙusa. Rikicin ya mutu.

Tambaya ta uku, daga Bauchi

*Baba Injiniya, wata shida ke nan da fara aikina. Masu bincike za su zo, shugabana ya ce in buɗe takardun sabis guda huɗu da ba a yi ba, in sa musu kwanan watan baya in rufe. Ya ce gyaran tarihi ne kawai, kowa yana yi.*

'Yata, wannan ba gyara ba ne. Gyara shi ne a mayar da rubutu ya dace da abin da ya faru. Abin da aka sa ki shi ne ki rubuta abin da bai faru ba, sunansa daban.

Ki san wani abu game da manhajar da ke gabanki. Kwanan wata biyu take riƙewa: ranar da aka ce an yi aiki, wadda ke kike rubutawa, da ranar da aka shigar da bayanin, wadda ita take bugawa da kanta tare da sunan wanda ya shiga. Ta farkon halak ce a mayar da ita baya in da gaske aikin an yi shi a ranar, na gaya wa masu tambayoyin sama su yi hakan. Ta biyun ba ta hannunki. Mai binciken da ya san aikinsa abu na farko da zai yi shi ne jera biyun. Takardu huɗu na watanni huɗu, duk an shigar da su da yammacin rana ɗaya, mako guda kafin zuwansa, kuma babu ko filta ɗaya da ta fita daga sito dominsu. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Sunan da zai gani a jiki kuma naki ne, ba na shugabanki ba.

Ki je masa da ladabi, ba a gaban mutane ba, ki kawo masa mafita maimakon ƙi zalla. Sabis ɗin da aka tsallake a rubuta an tsallake, da dalili, ko ba kuɗi ne ko ba a samu tsayar da injin ba. A yi sabis ɗaya na gaske a wannan makon, a rubuta shi da ranarsa. Mai bincike ya fi yafe gibin da aka bayyana a kan gibin da aka lulluɓe. In ya nace, ki roƙe shi ya ba ki umarnin a rubuce. Sau da yawa maganar a nan take ƙarewa. Kalmar sirrinki kuma kada ki ba kowa, ko da an ce minti biyar ne.

Tambaya ta huɗu, daga Bajoga

*Malam, moton wani injinmu ya ƙone, muka cire shi muka kai Kano a sake masa naɗin waya, muka sa na ajiya a wurinsa. Abokin aikina sai ya shiga shafin tsohon ya goge siriyal lambarsa ya rubuta ta sabon. Da tsohon ya dawo, ba shi da shafi, aka buɗe masa sabo. Yanzu tarihin wa ke ina?*

Tarihin ya cakuɗe, amma ana iya tsefe shi. Abokin naka ya haɗa abu biyu da manhajar ta raba da gangan: gurbi da ƙarfe. Gurbi shi ne wurin aiki, misali "moton famfo na biyu", yana nan ko da wa aka sa a ciki. Ƙarfe shi ne wannan moton mai wannan lambar, duk inda ya je da tarihinsa yake tafiya. Kamar sarauta ce da mai riƙe da ita. In an naɗa sabon hakimi ba a goge sunan tsohon a tarihi a ce duk abin da ya yi sabon ne ya yi.

Amfanin rabawar shi ne tambaya biyu take amsawa. In gurbi ɗaya yana ƙona duk moton da aka sa masa, cutar tana wurin, ko wuta ko lodi ko ƙura ta toshe iska. In moto ɗaya yana ƙonewa duk inda aka kai shi, cutar tana jikinsa, wataƙila naɗin ne ba shi da kyau. Mutanen Bajoga ba sai an gaya muku ba, kuna maƙwabtaka da Ashaka inda ake yin siminti tun 1979. Masana'antar da ta kai waɗannan shekaru, gurbi ɗaya yana iya ganin ƙarfe da yawa sun zo sun wuce. Ma'aunin ISO 14224, wanda masu man fetur da gas suke bi wajen tara bayanan lalacewa, shi ma a kan jeranta kaya daki-daki ya ginu, daga masana'anta zuwa inji zuwa ɗan ƙaramin sashe, don a san ainihin abin da ya lalace.

Gyaran: ka mayar wa tsohon shafi ainihin siriyal lambarsa, don tarihin da ke ciki nasa ne. Manhajar tana riƙe da bayanin sauye-sauye in an kunna mata, in ba a kunna ba farantin da ke jikin moton yana nan. Ka rubuta cire shi daga gurbi da ainihin ranar, da tafiyarsa naɗi da kuɗin da ta ci, da dawowarsa sito. Moton ajiya a duba, mai yiwuwa yana da nasa shafin tun ranar da aka saye shi, sai a rubuta girka shi a gurbin. Duk aikin da aka yi bayan ranar sauyin na sabon ne, a bi da shi ta hanyar da na gaya wa mai tambayar Azare. Sabon shafin da aka buɗe wa tsohon moton da ya dawo kuwa, ɗan kishiya, in ba a rubuta komai a kansa ba abin da sauƙi. In an rubuta, a kwashe, a sa masa alamar ya daina aiki, a rubuta a sunansa "maimaici ne, duba lamba kaza". Kada a ba wani injin lambarsa.

Wannan tambaya ta tuna mini 1996, da aka cire jihar Gombe daga Bauchi aka yi rabon kaya. Wani wurin da na sani injina suka iso a bayan tirela, katunansu suka yi zamansu a akwati a can. Kowane inji ya zo kamar jariri, ba a san shekarunsa ba, ba a san me ya taɓa damunsa ba. Sai da wani dattijon makanike da ya biyo kayan ya zauna yana faɗa ana rubutawa, wannan an taɓa fasa shi, wancan yana shan mai. Abin da ya tuna shi ya zama tarihi, abin da ya manta ya tafi.

Tambaya ta biyar, daga Gombe

*Injiniya, duk wannan zagaye-zagayen na mene ne? Yaronmu na kwamfuta ya ce zai shiga rumbun bayanai ta baya ya sauya lambobin a minti biyu.*

Zai iya, ban musa ba. Matsalar ita ce abin da kake gani shafi ɗaya a fuskar kwamfuta, a cikin rumbun teburori ne da yawa masu riƙe da juna: na inji, na takardun aiki, na mita, na fitar kaya, na kuɗi. In ka bi ta ƙofar gaba manhaja tana zagayawa ta taɓa duk waɗanda abin ya shafa, ta rubuta wanda ya yi da lokacin. Ta baya kuwa inda yaron ya taɓa nan kaɗai ya sauya. Shafin inji ya ce abu kaza, rahoton kuɗi ya ce wani abu, kuma ba sawun kowa. Bayan wata takwas, yaron ya samu aiki a Abuja, ku kuna zaune da lambobi biyu ba mai iya cewa wacce ce ta gaskiya.

Akwai lokacin da ba makawa, misali an loda bayanan injina dubu da kuskure iri ɗaya ranar da aka ƙaura daga tsohon tsari. Ko a nan manhajojin suna da hanyar loda gyara da yawa a lokaci ɗaya ta ƙofar gaba, a fara neman wannan. In dole sai ta baya, to a ɗauki kwafin rumbun tukuna, a gwada a rumbun gwaji, a ajiye jerin abin da yake da abin da ya koma, mai kula da gyare-gyare da akanta su sa hannu. Wanda ya nemi gyara daban, wanda ya amince daban. Ka tambayi yaron ko har yanzu minti biyu ne.

Mai wasiƙar Dadin Kowa da ya turo hoton farantin taransifoma yana tambayar shekarar ƙira: hazo da ƙura sun rufe rabin rubutun, ban iya karanta komai ba bayan layi na biyu. Ka sa ma'aikacin da ke da izinin kusantarta ya goge farantin bayan an kashe wuta, ya ɗauka da safe rana tana gefe, ka sake turowa. Tambayarka tana layin wata mai zuwa in Allah ya kai mu.